Wanda Soumana Bai Zaɓa Ba

A shekarun da Libiya ta juya fuskarta kudu, lokacin da rediyo ba shi da zance sai na Afirka ɗaya, baƙaƙen fata kuma suna ta kwararowa Sabha ba mai tambayarsu takarda, duk direban da ke bin hanyar Agadas ya san Soumana. Akwai waɗanda suka fi shi sanin inji. Akwai Tubawan da suka fi shi sanin rairayi nesa ba kusa ba. Shi abin da Allah ya ba shi sanin mutum ne.

Bazabarme ne ta wajen uba, amma a Damagaram ya tashi, Hausa ce a bakinsa. Fari ya cinye dabbobin gidansu yana saurayi, sai ya bi wata motar kaya zuwa Agadas ya zama karen mota. Ya ci zagi, ya ci duka, ya kwana ƙarƙashin motoci har gashin bakinsa ya fito, sannan aka ba shi sitiyari. A can wani ɗan kasuwa Balaraben Sabha, Hajj Yousef, ya gan shi, ya ɗauke shi. Ba a daɗe ba ya damƙa masa ayarinsa dungum, manyan kamyo masu ɗaukar taliya da fulawa da man girki da katifu zuwa kudu, su dawo da tumaki da mutane a saman kaya. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kiran sa da sunansa a tasha. Madugu ake cewa. Ya ɗauko matarsa Fourera da ɗansu ɗaya tilo, Illia, ya kama musu ɗaki biyu a unguwar Manshiya, bayan garejin Hajj Yousef.

Soumana yakan ce kowane wuri a cikin ayari da irin mutuminsa, in ka sa mutumin kirki a wurin da ba nasa ba, ka cuce shi ka cuci jama'a. Motar baya yakan ba mai haƙuri, wanda ba ya jin ciwo don ya bi bayan wasu, wanda in ya ga mutum ya zamo daga saman kaya zai tsaya ko da an yi masa nisa. A bawaba, wato shingen sojoji, yakan tura mai zaƙin baki marar girman kai, wanda za a zage shi ya yi dariya. Wannan aikin na Zulkiflu ne, wani Bakano mai fara'a da ya iya Larabcin Fezzan, wato kudancin Libiya, kamar a can aka yanke masa cibi. Gangunan ruwan ajiya kuwa ba ya taɓa ba mai kirki. Yakan nemo mutum mai busasshen ido, wanda bai damu a so shi ba. Mai kirki, in ji shi, in tsohuwa ta roƙe shi zai tsiyaya mata, in mai ciki ta roƙe shi zai tsiyaya mata, ranar da mota ta mutu a tsakiyar rairayi sai a buga ganga a ji ta amsa.

Sai motar gaba. Ita ce yake riƙewa da kansa, ita ce kuma ya fi tsananta wa. Ya ce mutumin gaba ba lallai ne ya fi kowa jarumta ba, amma dole bakinsa ya iya furta cewa ya ɓata, a gaban kowa, tun mai bai ƙare ba.

Ba ya yi wa sabon direba tambayoyi. Jira yake mota ta kafe a cikin yashi, a sauko ana tono ana cusa farantan ƙarfe ƙarƙashin taya. Sai ya koma gefe ya tsuguna kamar mai hutawa. Yana kallon wanda ya zaɓi ya yi tono a ɓangaren da Madugu ke gani, da wanda ya zagaya can bayan mota inda ba idon kowa. Yana sauraron wanda zai fara neman mai laifi. In aka fita aka dafa shayi, yana lura da wanda ya miƙa hannu kafin a miƙo masa. Kafin a isa Dirku ya gama sanin inda zai ajiye mutum, kuma da wuya ya sake shawara.

Da Illia ya girma, sai ya zama irin saurayin da kowa ke so ya ce nasa ne. Dogo ne, mai dariya, hannunsa a sake. Yana jin kukan inji daga nesa ya gaya maka abin da ke damun sa. In ayari ya gaji, zukata sun yi nauyi, shi ne zai hau kan mota ya kwaikwayi tafiyar wani ko maganar wani har mutane su manta da ƙishi. In mota ta kafe, shi ne na farko a ƙasa, kuma ba ruwansa da ko ana ganin sa. Soumana yana ganin duk wannan, zuciyarsa tana cika. Amma Illia ɗan fari ne. Uban bai taɓa kiran sunansa ba, balle ya yabe shi a gaban mutane. "Kai" yake ce masa, in ba ya nan kuma "yaron nan".

Wata tafiya, bayan an bar Sigidin da safe, Soumana ya ba shi gaba don ya gwada shi, shi kuma ya zauna a gefensa. Da aka yi nisa sai Illia ya saki sawun motoci ya karkata gabas. Sawu ya ɓace. Yashi ya sake launi. Motocin baya suka yi ta oda. Soumana ido kawai ya sa wa wuyan ɗansa, ya ga gumi yana gangarowa cikin riga, ya ga yadda yatsunsa suka ƙanƙame sitiyari. Illia ya ci gaba da tafiya yana ƙara wuta. Can Allah ya yi ikonsa, suka ɓullo kan hanya gaba da inda aka saba ɓullowa. Direbobi suka sauko suna ihu suna ɗaga shi sama.

Da aka zauna cin abinci, Soumana ya kira shi gefe.

"Kai, ɗazu ka ɓata ne?"

"A'a, Baba. Yanke na yi."

"Ba kowa a nan sai ni da kai."

Illia ya yi murmushi, ya kalli ƙasa. "Yanke na yi, Baba."

Soumana ya ce to. Ranar bai iya cin abinci ba.

Akwai wani direba a ayarin, Mamane, mutumin Tanut. Gajere ne, baƙi, fuskarsa kamar an ɗaure ta da igiya. Da gangunan ruwa ya fara, kuma ya riƙe su yadda har yau akwai waɗanda ba su yafe masa ba. Ba ya hira, ba ya wasa. Da aka ba shi mota, wata rana shi ma Soumana ya sa shi gaba. Ana cikin tafiya sai ya tsaya cak, ya sauko, ya taka har inda Madugu yake, mutane na saman kaya suna kallon sa, ya ce, "Madugu, ban gane nan ba." Aka yi ta yi masa dariya har Gatrun. Shi ko a jikinsa.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, har yanar ido ta fara rufe wa Soumana gani. Da farko duwatsun da yake gane hanya da su suka zama kamar inuwa. Daga baya sawun mota a kan yashi ya daina fitowa. Ba wanda ya lura, domin ya san hanyar da jikinsa. Amma da suka dawo Sabha daga wata tafiya, bai ko shiga gida ba sai da ya je ya sami Hajj Yousef a zaune ƙofar gareji, ya gaya masa cewa idonsa ya ƙare.

Hajj Yousef ya tsiyaya masa shayi. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta da ado.

"Kai ido ya tafi. Ni mota yana nan. Wa zai riƙe gaba?" Bai jira amsa ba ya ɗora. "Ɗanka. Duka direba suna son shi. Ni ma ina son shi. Ka ce Illia, mu sha shayi."

"Hajj, ka ba ni zuwa Juma'a."

Kwanakin nan Soumana bai san ɗanɗanon abinci ba. Ya juya maganar ta kowace fuska. Ya ce wa kansa ɗan nasa yaro ne, zai girma. Ya ce nauyi yana gyara mutum. Ya ce ai sau ɗaya ne abin ya faru. Sai ya tuna ba sau ɗaya ba ne. Ko taya ce ta fashe don Illia bai duba ta ba, hanya ce ke da laifi. Ko alkawari ya saɓa, wani ne bai ji daidai ba. Bai taɓa yin ƙarya don ya cuci kowa ba, amma kalmar nan ta "na yi kuskure" ba ta da hanyar fita daga maƙogwaronsa. Soumana ya tuna mutanen da ake lodawa a saman kaya, mata da goyo, samarin da suka sayar da gonar gado, kowa ya damƙa ransa ga wanda ke riƙe da motar gaba ba tare da ya san ko sunansa ba.

Bayan an sauko daga masallaci ya je gareji.

"Mamane," in ji shi.

Hajj Yousef ya ajiye carbinsa ya dube shi. "Mamane? Ba mai son Mamane."

"Ba sai an so shi ba, Hajj. Zai kai su, zai dawo da su."

"Kai uba ne ko dutse?"

Hajj Yousef ya girgiza kai ya ce, "Bahi, shi ke nan. Mota nawa, mutane naka. Yadda ka ce."

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da Fourera a tsakar gida da tukunya a gabanta, wuta ta mutu ba ta sani ba.

"Malam, gaskiya ne abin da nake ji?"

"Gaskiya ne."

"Yaron nan tun yana rarrafe yake cikin motocin nan. Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba."

"To, me Mamane ya fi shi?"

Ta yaya zai gaya wa uwa abin da ya gani a wuyan ɗanta? Ya ce, "Kowa da wurinsa."

"Shi nasa wurin ina ne? Bayan baƙo, a gaban abokansa?"

Illia ya shigo da la'asar, ya durƙusa ya gai da mahaifinsa kamar kullum. Fuskarsa ba fushi. Wannan ya fi tayar wa Soumana hankali.

"Baba, an ce ka ba Mamane gaba."

"Na ba shi."

"Ni fa?"

"Tsakiya."

Akwai magana cike da bakin Soumana. Yana so ya ce masa tsakiya ita ce zuciyar ayari, can ake buƙatar wanda zai riƙe mutane in tsoro ya shigo, kuma a duk hanyar Agadas ba mai iya wannan kamar shi. Yana so ya ce masa Mamane ba zai kai ko'ina ba in ba irinsa a bayansa. Amma bai taɓa yi wa ɗansa irin wannan maganar ba, harshensa bai san hanyarta ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Wurinka yana nan."

"To, Baba. Na gode."

Ya yi tafiya ɗaya a ƙarƙashin Mamane. An ce bai yi gardama ba, bai kuma yi dariya ba ko sau ɗaya.

A daidai lokacin ne iskar ƙasar ta fara juyawa. Rediyo bai daina zancen Afirka ɗaya ba, amma a titi an fara tare baƙi ana tambayar takardu. Ana kwashe masu jiran aikin yini a bakin hanya a zuba su a mota. A bawaba ana sauke mutane daga saman kaya a mayar da su inda suka fito. Masu son shigowa kuwa ba su ragu ba. Sai wasu masu motoci suka fara ɗauko su ta bayan duwatsu, ta hanyoyin da ba shinge, ba rijiya, ba sawun kowa. Waɗannan suna neman direbobi masu zuciya. Ɗaya daga cikinsu ya aiko wa Illia, ya ce ga kamyo biyu, shi ne madugu, ya zaɓi mutanensa da kansa.

Zulkiflu ne na farkon bin sa, sai wasu samari daga cikin abokansa. Soumana ya ji sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Duk masu son Illia ne. Ba ko ɗaya a cikinsu da zai iya kallon idonsa ya ce masa a'a.

Ranar da za su tashi, da hantsi, ya lallaba da sandarsa har wani fili a ƙarshen unguwar Abdulkafi inda ake lodi. Bai taɓa zuwa wurin ɗansa da ƙafarsa ba. Samarin suka dakata da lodi. Illia ya sauko daga kan mota yana goge hannu.

"Baba, da ka aiko ai da na zo."

"Wa ka ba ruwa?"

"Zulkiflu."

"Zulkiflu ko ɗan akuya ya yi masa kuka sai ya ba shi rigarsa. Karɓe. Ka nemo wanda ba ya son ka, ka ba shi ruwa. Ka nemo wani tsoho mai taurin kai ka zaunar da shi a gefenka, in ya ce tsaya ka tsaya."

"Baba…"

"Ban gama ba. In sawu ya ɓace maka, ka juya. Ba wanda zai mutu don an yi masa dariya."

Illia ya matso kusa da shi. Da ya yi magana, muryarsa a ƙasa take, don kada samarin su ji.

"Baba, ka riga ka auna ni a gaban duk Sabha. Kowa ya ji nauyina. Yanzu ka bar ni in je in dawo, ko sau ɗaya ka ji wani ya ce maka ɗanka ya iya."

Soumana ya miƙa hannu yana lalube, ya kama hannun rigarsa. Sunan yana kan harshensa. Bai fito ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

"Amin, Baba."

Illia ya je ya dawo lafiya. Ya sake zuwa ya sake dawowa. A tasha aka fara cewa tsufa ya taɓa Madugu, hassadar ɗansa yake yi. Fourera ta dawo da fara'arta, tana raba wa maƙwabta turaren da ɗanta ya kawo mata. Soumana ya yi ta addu'a Allah ya sa masu zagin sa ne ke da gaskiya. Bai taɓa son a ƙaryata shi kamar wannan lokacin ba.

Tafiya ta gaba ta faɗo cikin tsananin zafi. Lokacin dawowarsu ya yi, ba su dawo ba. Soumana yakan zauna a ƙofar gareji tun safe, kunnensa a kan titi, domin yanzu da kuka yake gane mota. Ayarin Mamane ma, wanda bai taɓa makara ba, shiru. Hajj Yousef ya daina zuwa zama kusa da shi.

Da ayarin Mamane ya iso, Soumana ya ji motocin sun tsaya, ya ji ba ihun da aka saba. Ya ji takun mutum biyu sun nufo shi. Ɗaya ya tsuguna a gabansa.

"Madugu, ni ne Mamane. Sai haƙuri."

Soumana ya ce innalillahi. Ya sake cewa. Sannan ya ce, "Wa ke tare da kai?"

"Zulkiflu."

"Zauna. Gaya mini. Kada ka rage komai."

Muryar Zulkiflu ta dushe kamar ta tsoho. Ya ce sun taso daga Dirku da mutane maƙil, suka bar babbar hanya kafin Madama. Iska ta taso ta shafe ɗan sawun da suke bi. Da ta lafa, duwatsun da suka gani ba su ne suka sani ba.

"Na ce masa, Illia, anya? Ya ce ya san wurin. Na kalli fuskarsa, Madugu, wallahi na san bai sani ba, shi ma ya san na sani. Amma ya yi mini dariyar nan tasa, sai na yi shiru. Muna da man da zai mayar da mu a lokacin. Muka yi ta tafiya. Kullum cewa yake bayan tudun can ne."

"Ruwa fa?"

Zulkiflu ya fashe da kuka. "Akwai mata, Madugu. Akwai yara. Tun ba mu ɓata ba nake ba su."

Da mai ya ƙare, in ji shi, sai Illia ya zama wani mutum. Shi ya sa aka ɗaura bargo tsakanin motoci aka yi inuwa. Shi ya hana samari watsewa cikin rairayi. Shi ya tsara ƙona tayoyi ɗaya bayan ɗaya don hayaƙi. Yana bin mutane yana zolayar su, yana kwaikwayon sojojin bawaba, leɓɓansa sun tsage suna jini amma yana sa mutane dariya. Rabonsa na ruwa wata mai goyo yake kai wa, ya ce shi ya riga ya sha. Da aka fara mutuwa, shi ke haƙa rami. Daga ƙarshe ya ce zai taka ya nemo babbar hanya, ya hana kowa bin sa.

"Kafin ya tafi bai ce komai ba?"

"Ya ce in kula da mutane."

"Bai ce ya ɓata ba?"

Zulkiflu ya ce, "Bai ce ba, Madugu."

Mamane ne ya ƙarasa. Ya ce a Madama ya ji motocin Illia sun bar Dirku tuntuni. Ya ajiye rabin ayari, ya juye mai da ruwa a sauran, ya shiga nema. Hayaƙin taya ne ya kai shi. Fiye da rabin mutanen suna da rai. Illia kuwa sun bi sawunsa suka same shi a gindin wani dutse, ya nufi inda ba hanya. A can suka yi masa sutura.

Kwanakin zaman makoki gidan bai rabu da baƙi ba. Waɗanda suka tsira suka yi ta zuwa, wasu ko Hausa ba sa ji sosai, suna durƙusawa gaban Fourera suna cewa ɗanta ne ya riƙe ransu. Matar nan mai goyo ta zo ta ɗora mata jaririn a cinya. Ba wanda ya zo a madadin waɗanda aka binne a can, domin ba wanda ya san danginsu. Soumana yana zaune a zaure yana jin yabon da ake yi wa ɗansa, kuma ya san duk gaskiya ne. Ya san ɗaya maganar ma, cewa yaron ne ya ɓatar da su, gaskiya ce.

Fourera ba ta yi masa faɗa ba. Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana ajiye masa ruwan alwala inda hannunsa zai kai. Bayan wata biyu ko uku ta ce tana so ta koma Damagaram wurin 'yan'uwanta.

"Laifina kike gani," in ji shi.

"A'a, Malam. Da ƙarya ka yi masa, da na yi fushi na huce. Abin da ka gani a jikinsa yana nan, ka faɗa, ya kuma tabbata. Shi ne ba zan iya kwana ɗaki ɗaya da shi ba."

Bai hana ta ba. Ya roƙe ta abu ɗaya, ta bi ayarin Mamane. Ta ce to.

Shi bai koma ba. Ya ce ba zai iya bin hanyar nan a saman kaya ba, a wuce da shi kusa da inda yaron yake ba tare da ya gani ba. Hajj Yousef ya bar masa ɗan ɗaki a cikin gareji, da sunan gadi, ko da yake kowa ya san makaho ba ya gadin komai. Ba a daɗe ba Hajj Yousef ya kwanta ciwo, 'ya'yansa suka karɓi harka. Suka sayar da manyan motocin suka sayi ƙanana masu gudu, kowace tana tafiya ita kaɗai da direba ɗaya, ba gaba ba baya, ba mai jiran wani. Mamane ya ce ba zai iya wannan ba. Ya koma aikin ban-ruwa a wata gona wajen Tamanhint.

Da farko mutane sukan zo wurin Soumana. Mai gareji zai kawo wanda yake so ya ɗora a kan ma'aikata, ya ce Madugu ya saurari maganarsa ya faɗa masa ko zai iya. 'Yan Nijar mazauna Manshiya sun zo lokacin da za su zaɓi shugaba. Duk amsa ɗaya yake ba su, cewa shi yanzu ba ya gani. In suka ce ai da kunne ma yana iyawa, sai ya juya fuskarsa bango. Sannu a hankali aka daina zuwa.

Abin da ya rage masa tunani ne, kuma tunanin hanya ɗaya yake bi. Yakan mayar da kansa ƙofar gareji, Hajj Yousef yana tsiyaya shayi yana cewa ka ce Illia. Yakan gwada cewa Illia. Sai ya ga ayarin Hajj Yousef dungum, da mutanen da ke samansa, sun bi yaron zuwa bayan wani tudu. Yakan gwada cewa Mamane, sai ya ga abin da ya riga ya faru. Ya nemi hanya ta uku har ya gaji. Wata rana Mamane ya kawo masa dabino daga gona, suna zaune, sai Soumana ya ce masa, "Ka san da za a sake tambayata yau, kai zan sake cewa?" Mamane ya ce ya sani. Soumana ya ce, "To, ka ga ko nadama ba a bar mini ba." Suka zauna har aka kira azahar.

Soumana ya rasu cikin bazara, shekara guda kafin yaƙi ya shigo ƙasar. Masu gyaran taya ne suka lura bai fito alwala ba. Aka aika wa Mamane, aka nemo Zulkiflu a kasuwa inda yake dako, da su da 'yan gareji aka yi sahu guda aka kai shi. Labarin bai isa Damagaram ba sai bayan damina, a bakin wani saurayin direba da aka ba saƙo. Da ya sami gidan, ya gaya wa Fourera cewa wani tsoho mai gadi a Manshiya ya rasu, an ce mijinta ne. Ta tambaye shi ko ya san shi. Ya ce a'a, shi bai daɗe da fara bin hanyar ba.